NAWA YA KAMATA UBA YA AIKA WA ƊANSA ƊALIBI A ABUJA?

Tun daga ranar 24 ga watan Mayu na 2024, lokacin da Asusun Ba Ɗalibai Rance, watau NELFUND, wanda hedkwatarsa ke Abuja, ya fara karɓar takardun masu neman rance, wata magana ta shiga bakin iyayen yara a zangunan 'yan Arewa da ke Kudu. Maganar kuwa ita ce N20,000. Wannan shi ne abin da asusun ya yanka zai riƙa ba kowane ɗalibi a wata don ci da sha da sauran ƙananan bukatu, ban da kuɗin makaranta wanda ake biya kai tsaye ga makarantar. Daga nan sai iyaye suka rabu gida biyu. Waɗansu suka ce tun da Gwamnati ta ɗauki nauyin yaro, su sun huta. Waɗansu kuma, ko da 'ya'yansu ba su ci rancen ba, sai suka mai da N20,000 ɗin nan mudun awo, suna cewa abin da Gwamnati ta ga ya isa, ai ya isa.

Duka ɓangarorin biyu akwai gyara a maganarsu, kuma gyaran ya fi shafar mutumin da ke neman abincinsa a Ikko ko Badun ko Fatakwal, ɗansa kuwa yana karatu a Abuja, wurin da shi uban bai san farashin kwanon abinci ba, bai san kuɗin mota ba, sai abin da aka gaya masa ta waya.

YADDA AKA FARO

Wannan tambaya ta nawa za a ba ɗalibi ba ta dami iyayen da ba kamar yadda ta dami na yanzu. A shekarun 1970 jami'a ita ke ciyar da ɗalibinta. Akwai ɗakin cin abinci, akwai tikiti, Gwamnati ta biya kaso mafi tsoka, ɗalibi ya biya ɗan abin da ya saura, shi ma sau da yawa daga kuɗin sukolashif na jiharsu yake fitowa. Abin da uba zai ba ɗansa bai wuce na sabulu da na mota ran hutu ba.

Duk wanda ke son ya san nauyin maganar abincin ɗalibi, sai ya tuna abin da ya faru cikin watan Afrilu na 1978, zamanin mulkin Janar Olusegun Obasanjo. Hukumar Kula da Jami'o'i, wadda Dokta Jibril Aminu ke yi wa sakatare, ta ba da sanarwar ƙarin kuɗin ɗaki da na abinci. Ƙarin da ya fi tsaya wa ɗalibai a rai shi ne kwabo 50 a kan abincin kullum. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, a ƙarƙashin Segun Okeowo, ta ce ba ta yarda ba, sai Kwamishinan Ilmi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya sauka. Aka yi tarzoma, aka rasa rayuka a Jami'ar Ikko da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, aka rufe jami'o'i, aka kuma haramta ƙungiyar. Duk a kan kwabo 50.

Zuwa tsakiyar shekarun 1980, da kuɗin mai ya ja baya, Gwamnati ta tsame hannunta daga ciyar da ɗalibai gaba ɗaya. Tun daga wannan lokaci tukunyar ɗalibi ta koma wuyan ubansa. Watau abin da ake kira kuɗin kashewa a yau ba na alawa da lemo ba ne. Shi ne karin kumallo, shi ne abincin rana, shi ne na dare, shi ne kuɗin mota da na takardu. Uban da bai gane wannan ba zai yi ta ganin kamar ɗansa almubazzari ne, alhali kuwa yaron cikinsa yake ciyarwa.

Ita ma maganar rance ba sabuwa ba ce. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa Hukumar Ba Ɗalibai Rance a 1972, aka kuma yi dokar Bankin Ilmi a 1993, amma duka biyu ba su ɗore ba, kuma rashin biyan bashi yana cikin abin da ya karya ta farkon. Ta yanzu Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa mata hannu a watan Yuni na 2023, da sharuɗɗa masu tsauri, har da na kawo masu tsaya wa mutum da kuma cewa abin da gidansu ke samu a shekara kada ya wuce N500,000. Da aka ga ba za ta yi aiki haka ba, aka soke ta aka yi sabuwa a watan Afrilu na 2024, aka cire waɗannan sharuɗɗa. Rancen ba shi da ruwa, abin da ya kwantar da hankalin iyaye da yawa masu gudun riba. Kuma bayanan da asusun ya riƙa fitarwa sun nuna makarantun Arewa, irin su Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Bayero ta Kano, suna sahun gaba wajen yawan masu nema.

INA N20,000 ZA TA KAI?

Lissafin ba shi da wuya. In aka raba N20,000 gida 30, kowace rana ta tashi a kan N666 da 'yan kwabbai. A cikin wannan ne ake son yaro ya ci sau uku, ya hau mota, ya sayi ruwa, ya buga takardu, ya sa kati a waya. Duk wanda ya shiga kasuwar Mile 12 ko ta Bodija cikin 'yan shekarun nan ya san inda N666 ke tsayawa.

A kuma dubi lokacin da aka yanka wannan adadi. Ranar 29 ga Mayu, 2023, aka janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da N200 ta haura N500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce N1,000. Dala da ke wajen N460 a farashin Gwamnati ta kai N1,500 har ta ɗara. A watan Disamba na 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100, ta abinci kuwa ta kusa kashi 40. Gaskiya ne farashin hatsi ya sauko cikin 2025, amma kuɗin haya da na mota ba su koma inda suke da ba.

Ita kanta Gwamnati ta amsa cewa rayuwa ta yi tsada, domin a watan Yuli na 2024 ta mai da mafi ƙarancin albashi N70,000 daga N30,000, sa'an nan ta ɗaga alawus ɗin masu yi wa ƙasa hidima daga N33,000 zuwa N77,000. To, mai yi wa ƙasa hidima da ɗalibin ajin ƙarshe shekara guda ce tsakaninsu, ciki ɗaya ne, kasuwa ɗaya suke shiga. In na farko yana bukatar N77,000, ba yadda za a yi a ce N20,000 ta wadaci na biyu. Abin da za a fahimta shi ne, N20,000 gwargwadon abin da asusun zai iya rabawa ne ga dubban ɗaruruwan ɗalibai. Agaji ce, kuma da babu gara ba daɗi, amma ba awon bukatar yaro ba ce.

Akwai kuma abubuwa uku da ya kamata uba ya sani game da kuɗin nan. Na farko, bashi ne. Doka ta ce za a fara biya shekara biyu bayan gama hidimar ƙasa, a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi ko na abin da mutum ke samu. In da za a ba yaro N20,000 kowane wata har shekara huɗu, ya fita da bashin N960,000 na ci da sha kawai, ban da na kuɗin makaranta. Na biyu, asusun ya bayyana cewa kuɗin yana tafiya ne da zangon karatu, ba albashi ne na dindindin ba, kuma ɗalibai sun sha kokawa cewa yakan makara. Na uku, a 2025 an yi ta ƙorafi, har hukumar ICPC ta shiga bincike, cewa waɗansu makarantu sun karɓi kuɗin makaranta daga asusun ba su sanar da ɗalibai ba, alhali iyaye sun riga sun biya. Saboda haka uban da ɗansa ya nemi rancen sai ya tambaya, ya ga shaida a waya, domin in an biya sau biyu akwai haƙƙinsa da za a mayar masa.

ABUJA DABAN TAKE

Wanda ya yi zaman Samaru ko Kabuga ya san cewa ɗalibi a Zariya ko Kano yana da inda zai fake. Akwai gidan gwaggo, akwai abokin uba a kasuwa, akwai mai ƙosai da mai tuwo a bakin ƙofa, kuma ƙafa takan kai mutum wurare da yawa. Abuja ba haka take ba. Gari ne da aka zana wa masu mota, komai nesa yake da komai.

Jami'ar Abuja, wadda aka kafa a 1988, kuma Gwamnati ta sanar da sa mata sunan Janar Yakubu Gowon a ƙarshen 2024, tana da mazauni biyu: tsohon yana Gwagwalada, inda asibitin koyarwa yake, babban kuma yana kan hanyar filin jirgin sama. Ɗakunan kwanan makaranta ba sa isar ɗalibai, saboda haka da yawa suna haya a Gwagwalada ko Giri ko Iddo, kullum sai sun hau mota zuwa da dawowa. Haka ɗaliban Kwalejin Ilmi ta Zuba da na Makarantar Koyon Aikin Lauya ta Bwari, kowa da irin tasa tafiyar. Don haka tambaya ta farko da uba zai yi ba nawa kake so ba ce, a'a, ina kake kwana, kuma mota nawa kake hawa kafin ka isa aji? Yara biyu 'yan aji ɗaya, ɗaya a ɗakin makaranta ɗaya a Gwagwalada, bukatarsu ba ɗaya ba ce.

Maganar mota a Abuja kuwa ta wuce ta kuɗi, ta kai ta rai. Mazauna birnin sun san ɓarayin nan da ke yawo da mota kamar ta haya, waɗanda ake kira 'yan wan cans, masu ɗaukar fasinja su yi masa fashi su jefar. Yaron da kuɗinsa ya ƙare shi ne mai tsayawa bakin titi da dare yana neman mota mai araha ko ta alfarma, maimakon ya shiga tasha. Naira ɗari biyu ko uku da aka rage masa tana iya zama abin da za a yi da na sani a kai.

Abu na uku da ya sa Abuja ta bambanta shi ne ido. A nan ne 'ya'yan ministoci da na manyan 'yan kasuwa suke, a nan ne jami'o'in kuɗi irin su Baze da Nile suke. Ɗan mai sai da albasa zai zauna benci ɗaya da wanda wayarsa ta fi jarin ubansa. Yaron da ba a zauna da shi an gaya masa gaskiyar abin da gidansu ke iyawa ba, zai auna kansa da waɗannan, kuma kowane adadi aka aika masa zai ga kaɗan ne.

HAƊARI TA FUSKA BIYU

In kuɗi ya yi kaɗan, ɗalibi ba ya zama haka nan. Zai rage abinci ya koma sau ɗaya a rana, karatu ya ƙi shiga. Zai bar zuwa aji ran da babu na mota. In ta ƙara matsawa, akwai kamfanonin ba da rance ta waya, masu ruwa mai nauyi, waɗanda in an makara suke bin lambobin da ke wayar mutum suna tozarta shi, har Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta kai wa waɗansunsu samame a Ikko a 2022. Akwai cacar ƙwallo da ke cikin kowace waya. Akwai masu damfara ta intanet da ke neman yara masu ilmi da yunwa. Ga 'ya mace kuwa abin ya fi muni, domin a gari irin Abuja ba a rasa mai mota da zai ce zai taimaka, kuma kowa ya san irin taimakon. Kunya takan hana yarinya ta gaya wa ubanta dukan bukatunta na wata, saboda haka daidai ne a ƙara mata a kan na namiji, a kuma bar uwarta ko yayarta ta yi lissafin da ita.

In kuma kuɗi ya yi yawa, shi ma wata cutar ce. Akwai Alhazan da Allah Ya buɗa wa a harkar shanu a Oko-Oba ta Agege, ko ta goro a Shagamu, ko canji, waɗanda don ba su sami yin boko ba suke ganin hanyar nuna wa yaro ƙauna ita ce duk ran da ya buga waya a tura. Yaro ɗan shekara 18, ba uwa ba uba a kusa, aljihu cike, shi ne abokai ke yi wa rubdugu, shi ne mai hayar ɗaki a cikin gari, shi ne kuma masu sai da ƙwaya da maganin tari suke nema. Wanda bai taɓa jin kuɗi ya ƙare masa ba, ba zai iya riƙe albashi ba ran da ya fara aiki, balle jarin ubansa.

YADDA ZA A YANKA

Babu wani adadi guda da zai dace da kowane gida, kuma duk wanda ya faɗi ɗaya bai yi wa mutane adalci ba. Amma akwai hanyar da za a bi a kai ga adadin.

Da farko a ware manyan kuɗaɗe daban: rajista, hayar ɗaki, littattafan farkon zango, kuɗin motar tafiya hutu. Waɗannan na shekara ne ko na zango, kuma tun da jami'o'in Tarayya da dama, har da ta Ikko da ta Bayero da ta Maiduguri da ita ta Abuja, suka ƙara kuɗin rajista a 2023, sun zama abin da sai an yi musu tanadi tun da wuri. In aka cakuɗa su da kuɗin kashewa, yaro zai ci kuɗin haya da sunan abinci.

Sa'an nan a sa yaron ya rubuta duk abin da ya kashe cikin watan farko, komai ƙanƙantarsa, ya karanta wa ubansa. Wannan ba tuhuma ba ce. Duk ɗan kasuwa ya san yaron shago ma da haka ake koya masa. Daga wannan takarda za a ga na ci, na mota, na takardu, na waya, na sabulu, a ɗora ɗan abin ko-ta-kwana a kai, a tsaya a nan. In akwai hali, uba ya je Abuja da kansa sau ɗaya, ya kwana, ya hau motar da yaron ke hawa, ya ci a inda yake ci. Gani ya kori ji.

Na uku, abin da za a iya aikawa da kaya kada a aika da kuɗi. A nan 'yan Arewa suna da wata dama da wasu ba su da ita. Mafi yawan masu neman kuɗi a Kudu suna da gona a gida, ko ɗan'uwa mai noma. Motocin da ke ɗauko kaya daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Kurmi da yawansu ta Zuba da Gwagwalada suke wucewa. Shinkafa, wake, garin masara, manja ko man gyaɗa, kuka, daddawa, yaji, ƙuli-ƙuli, in an haɗa wa yaro na zango guda, an kashe rabin maganar. Kuɗi yakan bi ta wata hanya, amma mudun wake sai tukunya.

Na huɗu, kuma shi ne mafi muhimmanci ga mazauna Kudu, a tsai da rana. Ɗan kasuwa ba ma'aikaci ba ne, samunsa yau da yawa gobe babu. Masu acaba a Ikko sun ga haka da idonsu a 2022, da Gwamnatin Jihar ta hana sana'ar a ƙananan hukumomi da dama, mutum ya kwana da abin yi ya tashi babu. Abin da aka saba shi ne in kasuwa ta yi kyau a tura da yawa, in ta yi sanyi a yi shiru sai yaro ya yi kuka. Wannan ya fi komai lalata ɗalibi, domin wanda bai san ran da kuɗi zai zo ba, ba zai iya tsara komai ba, sai ya koyi ƙara gishiri a magana don a tura. N30,000 da ke zuwa ran ɗaya ga wata ba fashi ta fi N50,000 da ba a san ranarta ba. Mai samun kullum yana iya shiga adashi don wannan kaɗai, ko ya riƙa ware wani abu kowace yamma wajen mai POS da ya amince da shi. Ga ɗan ajin farko gara a raba kuɗin mako-mako ko sau biyu a wata, in ya nuna hankali a mai da shi wata-wata.

Na biyar, a yi maganar ran da za a rufe makaranta. A 2022 malaman jami'a sun yi yajin aiki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Iyaye da yawa sun yi ta biyan haya da abinci a kan karatun da ba a yi. A sanar da yaro tun farko cewa in an rufe, gida zai koma, ko ya zo Kudu ya kama wa ubansa kasuwa.

To, ina matsayin rancen Gwamnati a cikin wannan lissafi? Uban da ba shi da hali, kada kunya ta hana ɗansa nema, don irinsa aka yi, kuma ya fi barin karatu. Sai dai a lissafa N20,000 ɗin a matsayin ƙari wanda zai iya makara, a ɗora abin da ya sawwaƙa a kai, ko da kayan abinci ne. Uban da ke da hali kuwa, ya yi tunani kafin ya bar ɗansa ya fara rayuwa da bashin da bai zama dole ba, musamman da yake ana iya neman na kuɗin makaranta a bar na kashewa. Kuma kowanne ne, uba ya san ko ɗansa yana karɓa, don kada ya zama ana tura masa daga Ikko, ana tura masa daga Abuja, babu wanda ya san jimlar.

Saura Gwamnati. In mafi ƙarancin albashi ya tashi, alawus ɗin masu hidimar ƙasa ya tashi, ya kamata a sake duba N20,000, a kuma riƙa biyanta a kan kari. Gwamnatocin jihohin Arewa su ma su farfaɗo da sukolashif yadda zai riƙa fita a farkon zango, ba bayan yaro ya gama shan wuya ba. Hukumomin Jami'ar Abuja da na Birnin Tarayya kuwa, ƙarin ɗakunan kwana da motocin ɗalibai masu rahusa za su rage wa iyaye fiye da abin da kowane rance zai rage.

Amma kafin a yi wannan, yaro yana can Gwagwalada, kuma gobe da safe zai nemi abin karyawa. Iyaye su zauna da 'ya'yansu a yi lissafi a fili, uba ya faɗi abin da yake iyawa, ɗa ya faɗi abin da yake kashewa, a tsai da adadi da rana, kowa ya cika alkawari. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya sa abin da ake kashewa a kansu ya zama mai amfani, amin.